Nana Asma'u da 'Yan Taru: Yadda Hausa Ta Zama Harshen Karantar da Mata

A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa akwai makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai waɗanda aka raɗa wa sunan Nana Asma'u, kuma da wuya a yi taron yabon mata masu ilmi a watse ba a ambace ta ba. Amma in malami ya tsai da ɗalibansa ya ce su kawo sunan waƙa uku daga cikin waƙoƙinta, ko su faɗi harshen da ta fara rubutu da shi, sau da yawa sai aji ya yi tsit. Na gwada wannan da kaina ba sau ɗaya ba. Sunanta ya game ƙasa, aikinta kuwa yana nan a hannun mutane kaɗan. Nufina a wannan takarda shi ne in bayyana wa malamai 'yan'uwana, musamman waɗanda ke horad da malaman makaranta, yadda ta yi amfani da harsunan da Allah ya ba ta, da abin da ya kai ta ga Hausa, da kuma wahalolin da ke jiran wanda ya ɗauki waƙoƙin nan zai karantar da su daga rubutun boko.

An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793, watau 1208 ta Hijira. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma Shehu Usmanu bai sa mata Husaina ba yadda aka saba, ya sa mata Asma'u. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, matan Shehu suka rene ta. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, sabo da haka yunwa da gudu da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, tun daga Tabkin Kwatto har faɗuwar Alƙalawa a 1808, da idonta ta gan su. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato. Wannan ya isa game da tarihin rayuwarta, gama an rubuta shi a wurare da dama.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba daga sama ilminta ya faɗo ba. Tun wajen 1786, sa'ad da Shehu ke yawon wa'azi a Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko masa da waƙa yana zarginsa da barin mata su halarci majalisinsa tare da maza. Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya mai da jawabi, shi kuwa ya amsa da cewa barin mata cikin jahilci, ba su san abin da ya wajaba a kansu ba, ya fi wancan muni. Abdullahi ya kawo labarin a cikin Tazyinul Waraƙati. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya soki malaman da ke tara almajirai a zaure suna karantar da su don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san ko hukuncin alwala ba. A gidan da ake wannan magana ta tashi, kuma ba ita kaɗai ba ce ta yi karatu a cikinsa: yayarta Hadiza da ƙanwarta Maryamu duk malamai ne masu rubutu.

Abin da ya zo hannunmu na rubutunta ya kai kimanin sittin, tsakanin waƙa da zube. An adana mafi yawansu a gidan Waziri, wajen Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta. Daga nan Jean Boyd, wata malamar makaranta 'yar Ingila wadda ta daɗe a Sakkwato, ta tattara su, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka buga ayyukan gaba ɗaya a 1997. Da harshe uku aka yi rubutun nan, Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma an ce tana jin Buzanci har wa yau.

To, ba zuba harsunan nan ta yi yadda ta ga dama ba, ko wanne da mutanen da ta nufa da shi. Larabci na malamai ne da wasiƙu da baƙi daga nesa. Da shi ta rubuta Tanbihul Gafilina a 1820, da shi kuma ta yi wa wani malamin Shingiɗi marhabin da waƙa sa'ad da ya sauka ƙasar. Fulatanci harshen gida ne, na dangi da jama'ar da suka yi hijira tare, sabo da haka in mutuwa ta taɓa ta, kamar rasuwar Bello a 1837, da shi take yin makoki. Hausa ita ce ta zo daga baya, kuma in an jera waƙoƙin bisa ga shekarunsu za a ga ba ta yi ƙarfi a alƙalaminta ba sai bayan 1830.

Dalilin wannan a fili yake ga wanda ya dubi halin da ƙasa ke ciki a lokacin. An ci yaƙi, an kafa daula, amma yawancin mutanen da ke cikinta Hausawa ne na ƙauye waɗanda ba su taɓa zama gaban Shehu ba, ga kuma ɗimbin mata da aka kamo wajen yaƙi da Gobirawa da sauransu aka shigar da su gidaje, balle bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Matan nan su ke renon 'ya'ya, kuma abin da suka sani na neman lafiya da kwanciyar rai shi ne bori. Ba su jin Larabci, ba su jin Fulatanci, ba su karatu. Wanda ke son magana da su dole ya yi ta da Hausa, kuma dole ya sa ta a waƙa, domin waƙa ita ce littafin wanda bai iya karatu ba. Mace na iya riƙe ta a ka tana daka ko tana kaɗi, kuma kari da ƙafiya suna tsare kalmomin kada su zube.

Ta fara da fassara. A 1831 ta juya waƙar mahaifinta ta Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa game da zalunci da cin hanci da tauye mudu. Yana da kyau a lura da lokacin. Shekara goma sha huɗu ke nan bayan rasuwar Shehu, masu riƙe da sarauta kuwa 'yan'uwanta ne da almajiran gidansu, ita kuma ta ɗauki gargaɗin da ke cikin harshen da manya kaɗai ke ji ta sa shi a bakin talakawa. Ni a ganina wannan aikin siyasa ne ƙwarai, ko da yake ba ta riƙe wata sarauta ba. Bayan wannan sai Sunago, wadda ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30 kacal. Ta yi ta da Fulatanci a 1829, ta mai da ita Hausa a 1838. Malamin da ya taɓa fama da koya wa yara jerin sunaye zai gane gwanintar da ke cikin wannan.

Wadda ta fi dacewa da zancenmu ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Asalinta littafi ne na Larabci da Bello ya rubuta, Kitabun Nasiha, inda ya kawo labarin mata salihai na farkon Musulunci, yana ɗebowa daga littafin Ibnul Jauzi, Sifatus Safwa. Asma'u ta mai da shi waƙa da Fulatanci a 1836, da Hausa a 1837. A ciki akwai matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yansa, da sufaye irin su Rabi'atul Adawiyya. Sa'an nan a jeri ɗaya da waɗannan sai ga matan jama'ar Shehu, waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu wajen iyayensu, irin su Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu da Amina Lubel, ana yabonsu da sanin Alƙur'ani da karantarwa da sulhunta mutane. Macen ƙauye da ta haddace wannan waƙa ta koyi cewa silsilar da ta taso daga Madina ta biyo ta Basra ta iso har ƙofar gidansu. Mu kuma masu bincike mun sami sunayen malamai mata waɗanda littattafan tarihin yaƙi ba su kula da su ba. Haka marsiyyoyinta suke. Ta yi wa sarki da waziri, ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima a 1844, abin da ta yaba mata kuwa shi ne kirki da haƙuri da riƙon zumunci.

Akwai kuma Tabshirul Ihwani na 1839, zube ne da Larabci a kan fa'idodin surori wajen neman waraka da sauƙin haihuwa da tsari daga tsoro. Waɗansu marubutan zamani, don son yabo, sukan kira shi littafin kimiyya. Ban bi su ba. Littafin ɗibbun Nabiyyi ne, irin wanda malaman zamaninta suka sani, Bello ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Amfaninsa a wurinmu shi ne ya nuna ta gane cewa ba a raba mace da bori da wa'azi kaɗai, sai an ba ta abin da za ta riƙe ran da ɗanta ya kwanta ciwo.

Waƙa ba ta tafiya da ƙafarta, sai an kai ta. A nan ne 'Yan Taru suka shigo. Matan aure masu ƙananan 'ya'ya ba su iya barin gida, sabo da haka waɗanda ke tasowa daga ƙauyuka zuwa wurinta su ne 'yan mata da ba su yi aure ba da dattijai mata waɗanda suka gama haihuwa. Ko wane ayari yana da shugaba wadda ake kira jaji. Su zo da sadakarsu ta hatsi da zuma da man shanu da zare, a raba wa mabukata, su zauna su karɓi waƙa har ta zauna musu, su koma gida su biya wa waɗanda ba su zo ba. A ƙauye kuwa aikin jaji bai tsaya ga karantarwa ba, ita ke sulhu tsakanin mata, ita ke wankan gawar mace, ita ke lura da marasa galihu.

Kalmar jaji kanta abin dubawa ce. Daga bakin fatake aka ɗauko ta, ma'anarta mai jan ayari. Alamar muƙamin kuwa malfa ce da Asma'u ke ɗora wa mace, a naɗe ta da jan rawani. Malfa a Gobir alama ce ta Inna, 'yar gidan sarauta wadda ke shugabantar 'yan bori. Watau Asma'u ba ta ƙago baƙon suna daga Larabci ba, ba ta kuma ƙago baƙuwar alama ba. Ta ɗauki kalmar da mata suka sani da hular da suka saba girmamawa ta sauya musu ma'ana. Bayan rasuwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar ayarin, bayan Maryamu kuma Tamodi.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi shafar mai karantarwa. Da ajami aka rubuta waƙoƙin nan, ɗalibanmu kuwa da boko suke gamuwa da su, kuma a tsakanin rubutun biyu akwai abin da ke salwanta. An saba faɗin kasawar ajami: ba ya nuna karin sauti, sau da yawa ba ya raba wasalin o da u, kuma marubuta ba su daidaita a kan yadda za a rubuta ɓ da ts da 'y ba. Duk gaskiya ne. Amma akwai inda ajami ya fi boko nesa ba kusa ba, shi ne tsawon wasali. Mai ajami yana sa alif ko wawu ko ya bayan wasali mai tsawo. A wurinsa garin da ake tuwo da shi dabam yake da garin da ake zama cikinsa, haka suna na raɗawa dabam yake da suna na suna zuwa. Boko ya haɗe su duka. A zube wannan bai cika ɓad da mutum ba, gama ma'ana tana fid da shi. A waƙa kuwa babbar hasara ce, domin tun 1949 Greenberg ya nuna cewa rubutacciyar waƙar Hausa bisa ma'aunin arulin Larabci take tafiya, Farfesa Galadanci kuma ya faɗaɗa bayanin a 1975, kuma ma'aunin nan ba kome ba ne sai jerin gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Gaɓar da ta ƙare da dogon wasali ko da baƙi ita ce mai nauyi. In an ɓoye tsawon wasali an ɓoye rabin abin da ɗalibi zai auna baiti da shi. Sabo da haka ina ganin ko wane bugu da za a yi don kwalejoji ya kamata ya zo da hoton ajamin a shafi ɗaya, bokon a ɗaya shafin, an kuma nuna dogayen wasula.

Wahala ta biyu ita ce karin harshe. Hausar waƙoƙin nan ta yamma ce. A Sakkwato ana cewa sunka da munka da anka inda Bakano zai ce suka da muka da aka, ana cewa nai a maimakon nasa, wanga da wagga a maimakon wannan, ɗiya a maimakon 'ya, na da ta a maimakon ne da ce. Na taɓa samun wani ɗan littafi da aka shirya wa 'yan makaranta, wanda mai shirya shi, da kyakkyawar niyya, ya bi waƙoƙin jihadi ya mai da su daidaitacciyar Hausa. Abin da bai lura da shi ba shi ne, sunka gaɓa mai nauyi ce da marar nauyi, suka kuwa marasa nauyi ne guda biyu. Nai gaɓa ɗaya ce, nasa biyu. Ko wane gyara da ya yi sai da ya karya ƙafar baiti, har ya zama in ɗalibi ya auna sai ya ɗauka mai waƙar ce ba ta iya ba. Wurin bayanin Sakkwatanci ƙasan shafi ne. Kuma ga mai nazarin tarihin harshe waɗannan siffofi su ne dukiyar, gama ba mu da shaidu masu yawa na yadda ake Hausa shekara ɗari da tamanin da suka wuce waɗanda suka zo da shekararsu a rubuce.

Zancen shekara ya kawo mu ga ramzi. Al'adar mawaƙan nan ce su rufe waƙa da wata kalma wadda in an tara lissafin baƙaƙenta za a sami shekarar Hijira da aka yi ta. Tarkon da ke nan shi ne lissafin abajada iri biyu ne, na gabas da na Magariba, malaman ƙasarmu kuwa na Magariba suke bi. A na Magariba shinun 1000 ne, a na gabas 300. Ɗauki shinun da ra da nunun da dal. Bisa lissafin Magariba 1000 da 200 da 50 da 4 ke nan, watau 1254, wadda ta yi daidai da 1838. Wanda ya buɗe littafin nahawun Larabci da aka buga a Masar ya bi jadawalin da ke ciki zai sami 554, ya rasa inda zai sa kansa. Shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na goma sha uku na Hijira kusan kullum ake samun shinun da ra a cikinsa. Mai juya waƙa zuwa boko kuma in bai gane kalmar ramzi ce ba, sai ya yi ta neman ma'anarta a ƙamus, ko ya gyara ta ta zama wata kalmar Hausa, shekarar ta ɓace ke nan.

Saura tambayar da ɗalibai masu kaifin hankali sukan yi: in fassara ce, ina nata a ciki? Tabbat Haƙiƙa da muke rerawa yau hannu uku ne suka taɓa ta. Shehu ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta mai da ita Hausa, ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka fi sani da Isan Kware, ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara ɗango uku a kan ko wane baiti mai ɗango biyu ya zama biyar. Waƙar Gewaye kuma, wadda ke ba da labarin hijira da yaƙe-yaƙe, ita ta yi asalinta da Fulatanci a 1839 da sunan Filitago, Hausar kuwa ta Isa ce. Sabo da haka wanda ya ɗauki Waƙar Gewaye ya ce zai auna Hausar Asma'u da ita ya yi kuskure, haka wanda ya ɗauki ɗango biyar ɗin Tabbat Haƙiƙa duka ya jingina mata. Mai son jin Hausarta ita kanta sai ya nufi ɗango biyu na ƙarshen ko wane baiti a can, ko ya nufi irin su Godaben Gaskiya da Tawassuli. Amma kada wannan ya sa a rena fassara. Ɗaukar baiti daga Fulatanci a zuba shi cikin Hausa, ma'ana ba ta kauce ba, kari bai karye ba, ƙafiya ta zauna, aiki ne da ya fi ƙagowa wuya a wurare da yawa, kuma mutanen gidan Shehu ba su ɗauki waƙa a kan mallakar mutum ɗaya ba yadda muke ɗauka yanzu. Abin da ke kanmu shi ne a ko wane bugu a rubuta a sarari wa ya yi asali, wa ya fassara, wa ya yi tahamisi, da shekarar ko wanne.

Akwai abu ɗaya da ajami da boko duka ba su riƙe ba, shi ne muryar da ake rera waƙar da ita. Wannan a bakin mata take, waɗanda suka karɓa daga iyayensu da kakanninsu a ƙauyukan Sakkwato da Wurno da kewaye. Ɗalibin da zai tafi ɗaukar murya, ya fi kyau a ce ɗaliba ce, domin ita za a bari ta shiga cikin gida ta zauna. Ta ɗauki waƙar yadda aka rera ta ba tare da ta gyara wa tsohuwa kome ba, ko da ta ji ya saɓa wa abin da ke cikin littafi, ta kuma tambaye ta wurin wa ta karɓa, ita kuma waccan wurin wa, ta rubuta sunayen da garuruwansu har inda tsohuwar ta iya tunawa.